Matsayin Mata a Duniya da a Gidajenmu: Darasi Daga Matameye

Duk mai sauraren rediyo ya sha jin ana maganar daidaito tsakanin maza da mata. Wasu in sun ji sai su kau da kai, suna ɗaukarta baƙuwar magana da ta fito daga ƙasashen Turawa. Wasu kuma suna ganin zance ne na ƴan boko da mazauna birni, wanda bai shafi mutumin karkara ba. A wannan shafi za mu duba maganar daga ƙofar gidanmu, wato Matameye da garuruwan gundumar Kance, a jihar Damagaram. Abubuwa biyu sun faru da mutanen wannan yanki waɗanda duniya ta ji labarinsu, ɗaya na baƙin ciki, ɗaya na koyi. Dukansu suna nuna mana abu guda: ana gane matsayin mace ne ta abin da ta mallaka, da abin da ta sani, da kuma shawarar da ake yi da ita a cikin gida.

Me ake nufi da daidaito?

Akwai bambancin da Allah Ya yi tsakanin namiji da mace. Mace ce ke ɗaukar ciki, ita ke haihuwa, ita ke shayarwa. Wannan halitta ce, babu mai sake ta. Akwai kuma bambancin da mutane suka tsara da kansu: wa zai je makaranta, wa zai gaji gona, wa zai yi magana a gaban mai gari, wa zai riƙe kuɗin gero. Wannan na biyun al'ada ce, kuma al'ada tana sauyawa daga gari zuwa gari, daga zamani zuwa zamani. Ku duba da kyau: a ƙauyukanmu mata na riƙe hauya, alhali a wasu garuruwan ƙasar Hausa matar aure ba ta zuwa gona. A cikin gida mace ce ke dahuwa da wanki, amma a bakin kasuwa namiji ne mai shayi, namiji ne mai wanki da guga, kuma ba wanda ya ce ya zubar da girmansa.

Saboda haka idan aka ce daidaito, ana nufin kada a tauye wa mutum haƙƙinsa don an haife shi mace. Yarinya ta sami ilimi kamar ɗan'uwanta, mai ciki ta sami kulawar likita a kan kari, mai gado ta karɓi rabonta, kuma a ji ta bakin mace a duk abin da ya shafi rayuwarta.

Halin da mata ke ciki a duniya

Ƙasashen duniya sun daɗe da ɗaukar alkawura a kan wannan magana. A 1979 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kawar da duk wani nau'in wariya ga mata. A 1995 ƙasashe 189 suka taru a Bejin, babban birnin ƙasar Sin, suka tsara shirin kyautata rayuwar mata. A 2015 aka shata muradun ci gaba guda 17 da ake son cimmawa kafin 2030, kuma na biyar daga cikinsu shi ne daidaito tsakanin maza da mata.

An sami ci gaba a wasu fannoni. A 1995 mata ba su wuce kashi 11 cikin 100 na ƴan majalisun dokokin duniya ba, amma a 2025 sun kai kimanin kashi 27. Ƙasar da ke kan gaba kuwa ta Afirka ce, wato Ruwanda, inda mata suka haura kashi 60 cikin 100 na majalisar wakilai tun daga 2013. A 2005 mutanen Laberiya suka zaɓi Ellen Johnson Sirleaf, mace ta farko da aka zaɓa shugabar ƙasa a Afirka. Tanzaniya ta sami shugaba mace a 2021, Namibiya kuma a 2025.

Amma da sauran rina a kaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kimanin 260,000 ne suka mutu a 2023 sanadiyyar ciki ko haihuwa, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na waɗannan mace-mace a Afirka kudu da Sahara suka auku. Hukumar ta kuma nuna cewa kusan mace ɗaya cikin uku ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi a rayuwarta. Manyan mutanen da ba su iya karatu da rubutu ba a duniya sun haura miliyan 700, kuma kusan biyu cikin ukunsu mata ne. Lokacin da mata ke ɓatarwa a aikin gida wanda ba a biya ya ninka na maza fiye da sau biyu. Har ila yau, abin da aka samu yana iya kuɓucewa: a Afganistan an rufe wa ƴan mata ƙofar makarantun sakandare a 2021, sannan ta jami'o'i a ƙarshen 2022.

Abin da Nijar ta rubuta a doka

Matan Nijar ba su zauna jiran baƙi su nema musu haƙƙi ba. A 1991, lokacin da ake shirin babban taron ƙasa, mace ɗaya tak aka saka cikin kwamitin share fage. Ranar 13 ga Mayu ta wannan shekara dubban mata suka yi jerin gwano a Yamai, har sai da aka ƙara musu kujeru. Wannan shi ne asalin ranar matan Nijar ta 13 ga Mayu.

Bayan haka dokoki sun biyo baya. A 1999 Nijar ta shiga yarjejeniyar 1979, ko da yake ta keɓe wasu sassan da suka shafi aure da iyali. A 2000 aka yi dokar kaso, wadda ta ce kada maza ko mata su gaza kashi 10 cikin 100 a muƙaman zaɓe da kashi 25 a muƙaman naɗi. An ɗaga kason zaɓe zuwa 15 a 2014, sannan a 2019 ya koma 25, na naɗi kuma 30. Amfanin dokar ya bayyana a fili. Majalisar dokoki ta 1999 mace ɗaya ce cikin wakilai 83, ta 2004 tana da mata 14 cikin 113, wadda aka zaɓa a ƙarshen 2020 kuwa mata sun kai kashi ɗaya cikin huɗu, kafin a rushe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. A fannin lafiya, an mayar da tiyatar haihuwa kyauta a 2005, sannan awon ciki, da magungunan tazarar haihuwa, da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 a 2006.

Duk da haka, babban binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na mata masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika shekara 18, kashi 28 kuma kafin su cika 15. Mata masu iya karatu ba su wuce kashi 14 cikin 100 ba, maza kuwa kashi 42. Ke nan doka tana Yamai a rubuce, rayuwa kuma tana tsakar gida. Domin ganin tazarar da ke tsakaninsu, mu dawo gundumarmu.

Hanyar Aljeriya

A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawawwakin mutum 92 a cikin hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Motocin da suka ɗauko su zuwa Tamanraset ne suka lalace, ruwa ya ƙare, ƙishirwa ta kashe su. Cikinsu akwai yara 52, mata 33, maza 7. Yawancinsu mutanen gundumar Kance ne. Gwamnati ta sa aka yi zaman makoki na kwana uku a ƙasa baki ɗaya. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Ku sake duba waɗannan alƙaluma. A al'adar ƙasar Hausa namiji ne ke tafiya cin rani, mace ta tsare gida. To me ya fitar da uwa da goyo da ƴan yara zuwa tafiyar fiye da kilomita 1,000 a cikin rairayi, domin yin bara ko aikatau a ƙasar da ba ta jin harshenta? Daga ƙarshen 2014 hukumomin Aljeriya suka shiga maido da dubban ƴan Nijar gida, amma tafiyar ba ta tsaya ba. A watan Maris na 2022 ma an kwaso fiye da mutum 1,000 daga titunan Dakar na ƙasar Senegal, galibinsu mata da yara daga Kance da Magarya.

Yana da sauƙi a ce kwaɗayi ne, ko rashin godiyar Allah. Amma Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Hukumar kula da ƙaura ta duniya ta wallafa bincike a 2016 game da waɗannan mata da yara na Kance, kuma duk mazaunin yankin ya san dalilan da idonsa. Gonaki sun ƙanƙance, abin da aka noma ba ya kai wa wata damina. Cin ranin maza ya ragu da albarka tun da Libiya ta rikice a 2011, rashin tsaro ya addabi arewacin Nijeriya, darajar naira kuma ta faɗi. Saki ya yi yawa, kuma sau da dama macen da aka saka ita ke tafiya da ɗawainiyar ƴaƴa. Ga kayan ɗakin ɗiya, ga biki da suna, waɗanda al'ada ta ɗora wa uwa. A taƙaice, an ɗora wa mace kayan da a da namiji ke ɗauka, ba tare da an ba ta gona, ko jari, ko ilimin da za ta ɗauke su da shi ba.

Gona: tushen magana

Gundumar Kance tana cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a Nijar. Ƙidayar 2012 ta sami mutum kusan 400,000 a cikinta, wato fiye da mutum 100 a kowace murabba'in kilomita. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ne ke rabonta.

A tsarin gargajiya akwai gandu, wanda iyali ke nomawa tare a ƙarƙashin maigida, akwai kuma ƴar gonar da ake yanka wa mace, wadda ake kira gamana ko gayauna. Daga ita take samun gyaɗa, da wake, da kuɓewa, da kuɗin sabulu da na maganin yaro. Sai dai gamana aro ce. Idan gandu ya yi kaɗan, ita ake fara karɓewa, idan aure ya mutu kuma ta tafi tare da shi. Binciken da aka yi a kudancin jihar Maraɗi a farkon shekarun 2000 ya nuna yadda ƙarancin ƙasa ke fitar da mata daga noma sannu a hankali, har aka sami ƴan matan da suka tashi ba su iya riƙe hauya ba, domin iyayensu mata ba su da inda za su koya musu.

Abin mamaki shi ne addini da doka duk sun ba mace haƙƙin ƙasa. Shari'ar Musulunci ta yanka wa ɗiya rabin rabon ɗa namiji a gadon mahaifi. Matar mamaci tana da tumuni, wato ɗaya cikin takwas, idan ya bar ƴaƴa, ko rubu'i, wato ɗaya cikin huɗu, idan bai bari ba. Ba a ware gona daga cikin dukiyar gado ba. Dokar karkara ta Nijar ta 1993 ita ma ta ce dukkan ƴan ƙasa suna da damar samun albarkatun karkara ba tare da bambancin namiji ko mace ba, kuma ta kafa kwamitocin filaye da ke ba da takardar shaidar gado, ko saye, ko kyauta, ko aro, ko jingina. Amma a gidaje da dama ƴan'uwa maza kan ce wa ƴar'uwarsu ta bar rabonta a hannunsu tunda tana gidan miji, kunya kuma ta hana ta tambaya. Ranar da ta fito daga gidan mijin sai ta tarar an raba, ko an sayar.

Makarantar mazaje

Abu na biyu da aka san yankinmu da shi abin alfahari ne. A 2007 Asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a, UNFPA, ya sa aka yi bincike a jihar Damagaram domin gano abin da ke hana mata zuwa awon ciki da haihuwa a gidan likita. Binciken ya gano cewa ɗaya daga cikin manyan dalilai shi ne ikon maza, domin miji ne ke cewa a je ko kada a je. Maimakon a tsaya zargin maza, sai aka ce a jawo su cikin aikin. A 2008 aka buɗe makarantun mazaje 11 na gwaji a yankunan kiwon lafiya biyu, Magarya da Matameye.

Makarantar mazaje ba ta da allo, ba ta da malami. Ƙungiya ce ta magidanta da ba su wuce 12 ba, kuma duk matsayinsu ɗaya. Kafin a karɓi mutum sai ya kasance mai aure, ya kai shekara 25, an shaide shi da halin kirki da riƙon iyali, matarsa tana zuwa gidan likita, kuma ya yarda ta shiga ƙungiyoyin mata. Aikin sa kai ne. Sukan haɗu sau biyu a wata, su duba matsalar da ke akwai a garinsu tare da ma'aikatan lafiya, sannan su bi ƴan'uwansu maza a majalisa, da wurin suna, da ƙofar masallaci, suna faɗakarwa. A wurare da dama sun haɗa ƙarfi sun gina makewayi a cibiyar lafiya, ko ɗakin kwanan ungozoma domin a same ta ko da tsakar dare.

Cibiyoyin lafiyar da ke da irin waɗannan makarantu sun ga ƙaruwar masu zuwa awo, da masu haihuwa a hannun ƙwararru, da masu neman tazarar haihuwa. Zuwa 2011 makarantun sun haura 130 a jihar Damagaram. Daga nan dabarar ta bazu zuwa sauran jihohin Nijar, har ta ƙetara zuwa ƙasashe irin su Burkina Faso, da Kodebuwa, da Senegal. Asirin nasararta a fili yake: maganar da namiji zai ƙi ji daga bakin baƙo, yakan saurare ta daga bakin maƙwabcinsa wanda ya ga matarsa ta haihu lafiya.

Izini da haƙƙi

Amma ya kamata mu faɗi gaskiya a kan iyakar wannan dabara. Makarantar mazaje tana aiki ne da ikon da miji yake da shi, tana roƙonsa ya yi amfani da shi ta hanyar alheri. Matar mutumin kirki ta tsira. To ina matar wanda bai shiga ba? Ina wadda naƙuda ta kama ta mijinta yana Kano ko Agadas, aka tsaya jiran izininsa jini yana zuba? Ina bazawara, ina wadda mijinta ya rasu?

Izini kamar gamana yake: wanda ya bayar yana iya karɓewa. Haƙƙi kuwa kamar gonar gado ce mai takarda, yana nan ko an so ko ba a so ba. Shi ya sa faɗakar da maza mataki ne na farko, mai muhimmanci ƙwarai, amma sai an haɗa shi da abin da zai tsaya a hannun macen kanta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da ke tsayawa a hannun mace

Na farko shi ne dukiya. A nan ma Nijar ce ta koya wa duniya. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, bisa tsohuwar al'adar adashi. Mata kan haɗu mako-mako, kowace ta zuba abin da aka yi yarjejeniya a kai cikin akwati, a ba mai bukata rance ta juya, a ƙarshen zango kuma a raba uwar kuɗi da riba. Ba a jiran kuɗin wani daga waje. Wannan tsari ya yaɗu zuwa ƙasashe masu yawa na Afirka da Asiya, miliyoyin mutane na cin moriyarsa. Bayan kuɗi, matan sun koyi magana a bainar jama'a da riƙon amana, har wasunsu suka tsaya takara a zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 aka zaɓe su.

Na biyu shi ne ilimi. Macen da ta iya karatu ita ke duba ranar awo a katinta, ta karanta adadin maganin yaro, ta lissafa ribarta, ta san abin da ke cikin takarda kafin ta dangwala hannu. Babban abin da ke yanke karatun yarinya shi ne auren wuri. Kundin dokokin zaman jama'a ya yanka shekara 15 ga mace da 18 ga namiji, kuma yawancin aurarrakin karkara ba sa bi ta kansa ma. A watan Disamban 2017 gwamnati ta fitar da ƙudurin kare yarinya mai karatu da tallafa mata har ta kai shekara 16. Yarinyar da ta ɗauki ciki jikinta bai ƙosa ba ta fi shiga haɗarin doguwar naƙuda, da yoyon fitsari, da mutuwa wurin haihuwa. Uban da ya cire ɗiyarsa daga makaranta don ya rage bakin ci, sau da yawa bayan ƴan shekaru takan dawo masa da saki, da goyo, ba sana'a.

Amsa ga masu shakka

Akwai masu cewa wannan magana ta saɓa wa addini. Musulunci ya ba mace ikon mallakar dukiyarta, sadakinta nata ne, gadonta nata ne, kuma ana neman yardarta a aure. Nana Khadija, Allah Ya ƙara mata yarda, attajira ce mai fatauci. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754 a Maratta cikin ƙasar Nijar ta yau, ya yi kakkausar suka ga malaman da ke barin matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubuce-rubuce da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin ƴan taru, inda jajis ke bin ƙauyuka suna karantar da mata. Yaƙi da jahilcin mata ya girmi zuwan Turawa ƙasar Hausa.

Akwai kuma masu tsoron cewa idan mace ta samu za ta raina miji. Ku dubi gidajen garinku ku yi hukunci da kanku. Gidan da uwargida ke da awaki da ƴar sana'a, shi ne gidan da ba a kwana da yunwa ranar da rumbu ya ƙare. Abin da ke kawo raini da rabuwa shi ne babu, da ɓoye-ɓoye, da yanke shawara ba tare da sanin abokin zama ba.

Abin da kowa zai iya yi

Kai maigida, ka ba da izinin zuwa gidan likita tun kafin bukata ta taso, kuma ka sanar da mahaifiyarka da ƴan'uwanka, domin kada a tsaya jiranka ranar da ba ka nan. Ka raka matarka awo ko sau ɗaya ne, ka ji bayanin ungozoma da kunnenka. Ka ware kuɗin mota tun ciki yana wata bakwai. Idan akwai gadon ƴar'uwarka a hannunka, ka fitar mata da shi tun kuna raye, a gaban shaidu.

Ke uwargida, ki nemi sanin rabonki na gado, ki tambayi malami amintacce, sannan ki je wurin mai gari da kwamitin filaye a rubuta miki takarda. Ki shiga asusun mata na unguwarku. Ki riƙe ajin yaƙi da jahilci ko da aiki ya yi yawa. Idan wata ta zo miki da labarin arzikin Aljeriya, ki tambaye ta labarin waɗanda ba su dawo ba.

Ku iyaye, ku yi wa kowane jariri takardar haihuwa, mace ko namiji, domin sai da ita ake zama jarrabawa. Ku raba aikin gida tsakanin yara, kada tallan safe da ɗiban ruwa su cinye lokacin karatun yarinya ita kaɗai. Ku rage tsadar kayan ɗaki da gasar biki, waɗanda ke jefa uwaye cikin bashi da tafiyar haɗari.

Ku sarakuna da limamai, ku ne ake kira ranar rabon gado da ranar ɗaurin aure. Kalma ɗaya daga bakinku a wannan rana ta fi wata guda na faɗakarwa a rediyo.

Tambayoyin tattaunawa a aji

1. A garinku, mata nawa kuka sani da ke da gona ta kansu mai takarda? Ta yaya suka same ta?

2. Idan naƙuda ta kama mace da dare mijinta ba ya gari, wa ke yanke shawarar kai ta gidan likita? Awa nawa ake ɗauka kafin a tashi?

3. Cikin ƴan matan da suka shiga makarantar boko shekara shida da suka wuce, nawa ne ke karatu har yanzu? Me ya fitar da sauran?

4. Waɗanne kuɗaɗe ne al'ada ta ɗora wa uwa a garinku, kuma wanne za a iya ragewa idan gari ya haɗa baki?

Ku tattauna waɗannan tambayoyi a aji, maza da mata, ku rubuta amsoshinku da hannunku. Sannan ku zaɓi abu ɗaya da za ku kai gaban mai gari kafin damina mai zuwa.